Buhun da Ban Buɗe Ba a Hanyar Abu Samra

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Shamsuddini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk mutanen gida. Ni lafiyata lau, sai ɗan ciwon gwiwar nan da ka sani, shi ma da sauƙi. Allah Ya tsare ka a shirin tafiyar nan, Ya tsare ka a ƙasa da sama, Ya sauke ka lafiya.

Innarka ta gaya mini a waya cewa bizarka ta fito, kuma kamfanin gadin da ya ɗauke ka Lusail zai kai ka, inda ake ta sabbin gine-gine. Na yi murna ƙwarai. Sai dai lokacin da jirginku zai sauka ba na cikin Doha. Sanyi ya shigo, an kai raƙuman maigidana kiwo can hayin iyaka, ɓangaren Saudiyya, ni kuma ina tare da su ina jigilar ruwa da ciyawa. Motar kamfaninku ce za ta ɗauke ku daga filin jirgi. Malam Tanimu, dattijon ɗakinmu na unguwar Madinat Khalifa, shi zai neme ka ranar Juma'ar farko. Katin waya ba ya ɗaukar doguwar magana, shi ya sa na zauna na rubuta maka, zan ba wani mai tafiya hutu ya kawo. Ba labarin gari zan ba ka ba, wannan za ka gani da idonka. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna maka, don idan ka iso su ka ɗaga ƙafa.

Zan fara da hoton nan da ke rataye a ɗakin innarka, wanda nake cikin farar jallabiya na jingina da wata farar jif, ga teku a bayana. Motar ba tawa ba ce, ba ma ita nake tuƙawa ba. Ta maigidana ce, ya aike ni in kai ta wanki, sai na tsaya a bakin teku na roƙi wani mai wucewa ya ɗauke ni. Motar da nake tuƙawa tsohuwar babbar mota ce mai ƙugiyar ɗaga kaya a baya, kullum tana warin raƙumi da sha'ir, kujerarta ma bargo na shimfiɗa a kai saboda ta yage. Ita ta ciyar da ku shekara bakwai, kuma yau ba na jin kunyarta ko kaɗan. Amma a lokacin gani na yi idan na aiko da hotonta za a ce, ashe abin da ya kai Haladu ƙasar Larabawa ke nan. Abin da ya biyo baya ka fi ni saninsa. Dangi suka ɗauka a kan dukiya nake kwana, innarka ta sha gori a wajen biki da suna, ana cewa tana ɓoye abin da nake aikowa. Kai kuma ka taso kana ganin Doha wuri ne da ake sa farar riga a tsaya bakin ruwa. Kai kada ka yi haka. Hoton farko da za ka aika gida, ka ɗauke shi da rigar gadinka, a gaban ɗan akurkin da za a ba ka, ƙura da komai. Wanda zai raina ka ya raina ka tun farko, ka huta.

Na biyu shi ne harshe. Na zo ƙasar nan ina ganin na iya Larabci. Na sauke Alƙur'ani, na yi karatun littattafai a zaure kafin in shiga tuƙi, har ni nake ja wa direbobi salla a tasha. Ranar da aka kai ni gaban kafil ɗina, wato maigidan nawa da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, wanda muke ce wa Abu Nasir, sai na gyara murya na zuba masa Larabcin littafi, da wasali da komai. Yana zaune a majalisarsa da 'yan'uwansa ana shan gahawa. Suka saurara har na kai ƙarshe, sannan ɗaya ya faɗi wata magana, duk suka fashe da dariya. Daga baya na ji abin da ya ce: “Direba muka nema, an aiko mana mai huɗuba.” Ba da mugunta suka yi ba, har gahawa suka zuba mini. Amma ni abin ya tsaya mini a rai. Na rufe bakina. Duk abin da aka gaya mini sai in ce “Zain,” wato to, ko na gane ko ban gane ba. Larabcinsu na nan kuwa ba na littafi ba ne, suna cinye rabin kalma, suna juya wasu haruffan.

Haka na yi ta lallaɓawa da hasashe har ranar da hasashen ya ƙi. Wata yamma Abu Nasir ya tsaya a tagar motata ya jero mini magana da sauri, yana riƙe da waya a ɗaya kunnen. Na tsinci kalmar garke, na tsinci wata kalma “bacir.” A littafi na san “bakir” sammako ne. Na ce a raina, so yake in yi sammako in tafi garke. Na ce “Zain.” Da asuba na ɗora ciyawa na kama hanya, na haye iyaka, na shiga cikin rairayi inda waya ba ta kamawa. Ashe a bakinsu “bacir” gobe ke nan. Abin da ya ce shi ne, gobe in fasa zuwa garke, in ɗauki jif in kai mahaifiyarsa wajen likitan ido, don direban gida ya tafi hutu, shi Abu Nasir kuma zai yi tafiya. An daɗe ana neman ganin likitan nan. Tsohuwa ta shirya tun safe ta zauna tana jirana har azahar.

Da na dawo Abu Nasir ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ina tsaye kaina a ƙasa, sai tsohuwar ta aiko a kira ni bakin ƙofar shiga gida. Kowa a gidan Yumma yake ce mata, wato inna. Tana zaune da abin rufe fuska mai ƙyalli irin na tsofaffin matansu, idanunta kawai ake gani. Ta yi mini magana a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa mai koyo.

“Ɗana, ka gane abin da ya gaya maka jiya?”

Na ce, “Ban gane ba, Yumma.”

“Me ya hana ka faɗa?”

Na ce, “Kunya.”

Ta ce, “To kunyarka ce ta bar ni zaune da mayafi tun safe. Daga yau kai za ka riƙa tuƙa ni har direbana ya dawo. Duk abin da na faɗa ka maimaita.”

Haka aka yi. Tana kujerar baya tana nuna abubuwa da sandarta, ina maimaitawa, idan na kuskure ta ƙwanƙwasa bayan kujerata. Kafin direban ya dawo na iya ciniki a kasuwa, na iya ba da haƙuri, na iya musu idan ta kama. Ashe karatun zauren nan bai tafi a banza ba, tushen yana nan, girman kai ne ya danne shi.

Kai a Lusail wataƙila ba Larabci ma za ka fi ji ba. Shugaban aikinku yana iya zama mutumin Indiya mai Turanci da sauri, abokan gadinka kuma mutanen Nepal ko Siri Lanka. Duk wanda ya ba ka umarni ba ka gane ba, ka tsayar da shi ka ce ya sake, ko sau uku ne. Za su yi dariya, ka taya su. Ka koyi gaisuwar kowa da harshensa, kalma biyu ma ta isa. Na ga yadda fuskar mutum take buɗewa idan baƙo ya gaishe shi da yaren uwarsa.

Yanzu bari in gaya maka yadda aikina yake, don ka gane abin da zai biyo baya. Daga Doha hanya ce miƙaƙƙiya zuwa Abu Samra, inda ƙasar nan ta ƙare. Ba tudu ba kwana, sai rairayi dama da hagu, can kusa da ƙarshe ka fara hango teku. A nan ake duba takardu a buga hatimi, ka yi 'yar tafiya ka isa Salwa, ɓangaren Saudiyya, a sake dubawa. Fasfo ɗina ya cika da hatimi har sai da aka canja mini wani. Wani lokaci ka wuce nan da nan, wani lokaci ka tarar da layin manyan motoci ba ka ganin ƙarshensa. A layin nan na koyi zama da mutane. Direbobin Sham suna buɗe akwatin gefen motarsu su kafa tukunyar shayi, mutanen Pakistan suna murza gurasa a kan murfin tukunya, in lokacin salla ya yi mu shimfiɗa kwali a inuwar mota mu bi duk wanda ya fi kusa. Jami'an wajen sun san ni. A gida ban cika kama sunanka ba, ka san al'adarmu da ɗan fari. A nan kuwa da sunan ɗa ake kiran uba, don haka daga Abu Samra har Salwa ba wanda ya san Haladu, Abu Shams kawai suka sani. Da fari nauyin abin nake ji, yanzu har daɗinsa nake ji.

Idan na dawo Doha, ɗakinmu na Madinat Khalifa nake sauka. Duk Hausawa ne, masu gadi da direbobi. Ranar Alhamis muke tuƙa tuwo, da garin semo tunda babu na masara, kowa ya bar shinkafar da ta ishe shi. A lokacin a cikinmu akwai Sabi'u, direban tasi, ɗan garinmu. Ka san shi, shi ne mai shagon kayan babur ɗin nan na bayan tasha. Yayansa ya daɗe a Hufuf, cikin Saudiyya, kuma yana samun kayan miya daga hannun masu zuwa Umara. Wata rana Sabi'u ya ce mini, “Yaya Haladu, tunda kullum kana wucewa ta Salwa, ba ka karɓo mana kuka da daddawa wajen yayana? Bakinmu ya gaji da miyar tumatir.” Na ce ba komai. Na karɓo sau ɗaya, na karɓo sau biyu, ɗaki ya cika da ƙanshin gida, kowa yana sa mini albarka.

Karo na uku ina dawowa daga garke da wata taguwa a bayan mota, wadda Abu Nasir ya fi so a duk raƙumansa. Ta ji ciwo a ƙafa, za a kai ta wajen likitan dabbobi a Doha. Yayan Sabi'u ya tare ni a gidan mai na Salwa kamar yadda muka saba. Amma wannan karon ba leda ya miƙo mini ba, ƙaramin buhu ne an ɗinke bakinsa da zare. Na ɗaga na ji ya fi na da nauyi. Na kai hannu wajen ɗinkin, sai ya yi dariya ya ce, “Haba Malam Haladu, ko ba ka yarda da ni ba ne?”

Na janye hannuna. Na ce, “Wane ni.” Na jefa buhun bayan kujera na ja mota.

Ka karanta wannan wurin sau biyu. Ba a Abu Samra na yi kuskure ba, a gidan man nan na yi shi. Zuciyata ta gaya mini in buɗe, hannuna ma ya kai, maganar mutum ɗaya ta mayar da shi.

A Abu Samra ranar ana bincike sosai. Jami'in da ya zo kaina ya san ni, har ya tambaye ni ƙafar taguwa. Ya ga buhun ya ce mene ne, na ce kayan miyan ƙasarmu ne. Ya yanke zaren. Warin daddawa ya buge shi ya toshe hanci, abokan aikinsa suna dariya, ni ma ina dariya ina yi musu bayanin kuka da kanwa. Sai ya tura hannu cikin garin kukar har wuyan hannu, ya zaro ƙullin leda. Ya sake turawa ya zaro wani. Ƙwayoyi ne, irin waɗanda wasu direbobi suke sha don kashe gajiya da hana barci. A gida kana iya samunsu a kemis ba wanda zai tambaye ka. A nan kuwa ɗaurin shekaru ne. Dariya ta tsaya cak. Mutumin da ɗazun nan yake ce mini Abu Shams ya ce, “Ba ni makulli da fasfo.”

Na miƙa masa. Amma ka san abin da ya fara zuwa bakina? Taguwa. Rana ta take, tana ɗaure a bayan mota ba inuwa. Da Larabcin da Yumma ta koya mini na ce, “Ni ku yi da ni yadda doka ta ce, amma dabbar nan ba ta da laifi. Ku sa ta a inuwa, ku ba ta ruwa, ku kira mai ita.” Babbansu ya dube ni, ya sa aka ja motar ƙarƙashin rumfa. Ba su wulaƙanta ni ba, gaskiya, aikinsu suka yi. Aka sa ni a wani ɗaki mai sanyin na'ura har haƙorana suna haɗuwa, aka fara tambaya: na wane ne, wa ya ba ka, wa za ka kai wa.

Na ce ban san akwai ƙwaya a ciki ba. Suka ce sun ji, to na wane ne? Na ƙi faɗa. Sabi'u yana da mata da 'ya'ya a garinmu. Mahaifiyarsa da tawa tare suka yi 'yanmatanci. Na tuna idan na kama sunansa, an gama da zamansa a ƙasar nan, kuma har gida za a ce Haladu ne ya miƙa shi.

Abu Nasir ya iso da la'asar. Sai da ya ga an wuce da taguwarsa a wata motar sannan ya shigo wajena. Bai yi ihu ba, ni kuwa da ya yi ihun ya fi mini sauƙi. Ya zauna ya ce, “Ka buɗe buhun kafin ka ɗauka?”

Na ce, “Ban buɗe ba.”

Ya ce, “Kai da kullum safiya sai ka buɗe kan mota ka duba mai da ruwa, ko da jiya ka duba? Kai da kake kwance ɗaurin ciyawa ka shinshina kafin ka ba raƙumi?” Ya ce, “Na yarda ba naka ba ne. Yumma ma ta ce kada in dawo gida ban tsaya maka ba. Amma idan ka yi shiru, ya zama naka, ni kuma ba zan sa sunana a kan abin da ban san kansa ba. Kana da 'ya'ya. Ka zaɓa.”

Na tuna ku. Kai lokacin kana shirin jarrabawar gama sakandare, ƙanwarka Rabi ba ta ma san fuskata sosai ba. Na faɗi sunan Sabi'u, na faɗi na yayansa, na faɗi gidan man da muka haɗu.

Aka mayar da ni Doha a tsare, aka kamo Sabi'u. A nan zan faɗi alherinsa, kuma ina so ka riƙe shi. Yana iya cewa bai san zancen ba, maganata ce kawai a kan tasa. Amma da aka haɗa mu gaban mai bincike, ya dube ni ya sunkuyar da kai ya ce, “Kayan nawa ne. Yaya Haladu bai san abin da ke ciki ba, kuka muka ce masa.” Wannan maganar da tsayawar Abu Nasir su suka fitar da ni bayan 'yan makonni. Shi Sabi'u ya yi zaman kaso, daga nan aka sa shi a jirgi, ba zai sake shigowa ba. Ni kuma aka hana ni haye iyaka na wasu watanni, na koma wankin motoci da kai Yumma gidajen 'yan'uwanta. Innarka ta san wannan duka, na gaya mata da na zo hutu. Ku ne ba a gaya wa ba, don kuna yara.

Abin da ya fi tsarewar ciwo shi ne komawata ɗaki. Na yi sallama aka amsa ciki-ciki. Ranar Alhamis aka tuƙa tuwo, aka kewaye faranti, ba wanda ya ce mini bismilla. Ina kwance na juya wa ɗaki baya ina jin ɗaya yana cewa, “Mutum ya tona asirin ɗan'uwansa a ƙasar mutane.” Haka muka yi makonni. Ban roƙi kowa ba, ban kuma bar ɗakin ba, don na san ban yi ƙarya ba. Malam Tanimu ne ya kashe maganar. Wata Alhamis aka ajiye faranti, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata.

Ya ce, “Miyar kukar da Haladu ya ɗauko sau biyu, waye bai sha ba a cikinku?” Ya ce, “Da muna sha ba wanda ya tambayi yadda take hayowa. Ranar da ta zo da masifa kuma so kuke ya shanye shi kaɗai, 'ya'yansa su tashi ba uba? Haladu, taso ka ci abinci. Wanda ba zai ci da kai ba, ga ƙofa.”

Ba wanda ya fita. Na taso na wanke hannu. Shi ya sa na ce shi zai neme ka. Duk abin da ya shige maka duhu, shi za ka fara tambaya.

Da na zo hutu na je har shagon Sabi'u. Da ya gan ni ya miƙe ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce in yafe masa, na ce na yafe, na kuma gode masa da gaskiyar da ya faɗa lokacin da ƙarya za ta fi masa sauƙi. Muka sha lemo a bakin shagon. Idan za ka taho ka je ka yi masa sallama kamar yadda za ka yi wa kowane babba, kada ya ga wani abu a fuskarka.

Ga abin da nake so ka ɗauka. Aikinka ƙofa ne. Za a zo maka da murmushi a ce ajiye mini jakar nan zuwa yamma, ko bar motar nan ta fita takardar tana zuwa, ko ara mini katin zamanka in karɓo saƙo. Mafi yawan masu roƙon ba mugaye ba ne. Kuma wanda zai fi yi maka wuyar ƙi shi ne wanda ya roƙe ka da Hausa, don a baƙuwar ƙasa idan ka ji harshenku zuciya narkewa take yi. Kada ka guji mutanenmu, ba abin da nake nufi ke nan ba. Su za su kai ka asibiti, su za su yi maka tuwo ranar da kewa ta kama ka. Ka ba su abincinka, ka ba su lokacinka, ka yi musu jinya. Amma duk abin da zai shiga hannunka ko ya bi ta ƙofarka, ka buɗe shi a gaban mai shi, kana murmushi. Idan ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce, “Na yarda da kai, dokar babana ce.” Ka ɗora mini laifin, na ɗauka.

Sauran ƙananan abubuwa Malam Tanimu zai nuna maka. Ni dai zan ce ka sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, zafin nan ba irin namu ba ne, gumi yake matse mutum ya kayar da shi yana tsaye. Na taɓa raina shi na farka a gadon asibiti da robar ruwa a hannu. Kada ka bari canjin aiki ya cinye maka salla, ka gaya wa shugabanka lokutanta tun ranar farko, a ƙasar nan ba mai hana ka. Ka sa wa innarka rana guda a mako da za ta san wayarka tana zuwa, ko gaisuwa ce kawai. Ni da ina tara kira sai na sami labari mai daɗi, ashe ita shirun ne yake hana ta barci.

Saura magana ɗaya. Ranar da innarka ta gaya mini bizarka ta fito, bayan ta gama murna sai ta sauya murya. Can ta ce, “Malam, na ba Doha miji shekara bakwai ban ce komai ba. Yanzu zan ba ta ɗa. Ba zan ba ta duka biyun ba.” Ban yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa. Na sami Abu Nasir na gaya masa idan aka dawo da raƙuma ƙarshen sanyin nan, zan ajiye makulli in koma gida. Ya yi ta ja, ya ce zai ƙara mini albashi, Yumma ta ce masa, “Khalas, shi ke nan, bar shi ya tafi, matarsa ta fi ka gaskiya.” Ya amince.

Don haka ba zuwa za ka yi ka fake a bayana ba. Wata biyu ko uku za mu yi tare a garin nan, daga nan kai ne namu a Doha. Ban ji tsoron wannan ba ko kaɗan. Na bar ka kana yaro, kai ka riƙe wa innarka gida, kai ka kai ƙannenka makaranta, duk da ba na nan labarinka yana iso ni. Ka fi ni natsuwa lokacin da na zo, ka kuma fi ni ilimin zamani.

Abu guda nake roƙo. Juma'ar da zan dawo daga garke, ka nemi hutu. Mu yi salla sahu ɗaya, sannan in kai ka wani ɗan gidan abinci a unguwar Al-Sadd inda ake shinkafa da rago a babban faranti. Tunda ka zama mutum ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da kai ba. Kullum na zo hutu kana kawo mini ruwa ka koma waje. Ranar ba ka tashi. Za ka zauna gabana mu ci tare, ka ba ni labarin shekarun nan da bakinka, ni kuma in saurara.

Ka durƙusa gaban innarka kafin ka fito, ka bar ta ta gama duk addu'arta ko mota tana jira. Ka gaishe mini da Rabi da sauran ƙannenka, da kawunanka, da maƙwabta. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciyarka. Ya haɗa ka da shugaba mai adalci da abokai masu tsoronSa, Ya sa halal ta ishe ka. Yadda ka fita gida lafiya, Allah Ya mayar da kai lafiya, innarka tana raye ta gan ka. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Haladu